Ƙaramar bindigar Kaka: wace iri ce, kuma zan iya yi mata kwalliya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Zariya ne nan Maraɗi. Bayan rasuwar kakanmu, wanda tsohon soja ne, mun buɗe akwatinshi na ƙarfe sai ga ƙaramar bindiga nannaɗe cikin tsumma. A jikinta an rubuta MAC da 1950, mariƙinta baƙi ne ya tsage gefe guda, tsatsa ta ɗan ci wajen lamba. Wace iri ce? Ina son in kai ta a goge tsatsar duka, a yi mata farin ruwa mai walƙiya, kafinta ya yi mata mariƙin katako.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan tsoho ya sa ya huta. Kafin komai, ka ɗauka akwai harsashi cikinta. Ko an zare gidan harsashin, guda na iya zama a cikin bututun shekara da shekaru yana jira, don haka kar ka sa yatsa ga kunama, kar ka nuna ta ga kowa ko da wasa, kuma ka kulle ta inda yara ba su kaiwa.

Yadda ka kwatanta ta, wannan MAC 50 ce ta sojan Faransa. MAC sunan masana'antar makamai ta garin Châtellerault ne a taƙaice, 1950 ɗin kuma shekarar samfurin ce, ba lallai shekarar da aka ƙera taka ba, nan mutane da yawa ke ruɗewa. Daga baya aikin ya koma Saint-Étienne, su waɗannan za ka ga MAS a jikinsu, har cikin shekarun 1970 ana yin su. Tana cin harsashi milimita 9 wanda ake kira Parabellum, gidanta na ɗaukar guda 9. Duba mariƙin da kyau, na asali baƙar roba ce mai tauri da layuka a kwance, ƙasa akwai ɗan zobe na ɗaura igiya, makullin tsaronta kuma yana can baya ta hagu a saman ƙarfen da ke zamewa. In ka ga waɗannan to ita ce. Da ita aka yi yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, kuma bayan 'yancin kai na 1960 sojojin ƙasashenmu sun gaji kayan Faransa, ba mamaki a same ta a akwatin tsohon soja.

Akwai wata tsohuwa da ta yi kama da ita, samfurin 1935, ita harsashinta milimita 7,65 dogo ne. Haka Tokarev ta Rasha mai tauraro a mariƙi, 7,62 take ci. Shi ya sa rubutun jikin ƙarfe ake bi, ba kallon ido ba.

To maganar lamba. Wallahi kar ka bari kowa ya sa mata zarto ko takardar guga a wurin. Lambar ita ce shaidarta, bindigar da aka goge wa lamba kuwa duk jandarman da ya gan ta abin da zai fara zo mishi ka sani, balle a jiharmu da ake fama da 'yan bindiga wajen Madarunfa da Gidan Runji da bakin iyaka. Kuma gado ba ya zama izini. Ko da Kaka na da takarda, sunanshi ke kai, in ma ta aikin soja ce da bai mayar ba to kayan gwamnati ce tun farko. Ka bar ta a gida, ka je jandarmeri ko komisariya da takardun tsohon ka yi bayani, su za su ce a kawo ta ko su zo su ɗauka. Izinin riƙe makami daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, akwai kuma hukumar CNCCAI da aka kafa tun 1994 don tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida.

In Allah ya sa an ba ka izini, nan ne za a yi zancen kwalliya, kuma ni a ganina farin ruwan nan ɓarna ne. Launin toka-tokan da kake gani ba tsufa ba ne, rufin masana'anta ne mai hana tsatsa. Mai yin farin ruwa sai ya kankare shi, ya cinye gefen haruffa, ruwan ya ƙara kauri inda ƙarafa ke gogayya har ta dinga cijewa, ga darajarta ta tarihi ta tafi. Tsatsar sama-sama man bindiga da ƙyalle mai laushi sun ishe ta, a hankali, ba man ja ko na gyaɗa ba don suna daskarewa su yi danƙo. Tsumman nan ma ka raba ta da shi, shi ke shan laima da damina yana riƙe ta a jikin ƙarfe.

Mariƙin katako kam ba laifi tunda ƙusa ce ke riƙe da shi, ana iya mayar da na da. A samu busasshen katako mai tauri, a ba kafinta tsohon mariƙin kaɗai ya auna, ba bindigar ba, kuma ka adana na asalin ko da ya tsage. Abin da ban yarda ba shi ne a taɓa cikinta, wai a sassauta kunama ko a sauya sifirin a wajen mai walda. Sai mai kula da makamai na hukuma ya duba bututun da makullin tukuna, harsasan da ka tarar a akwatin kuma ka miƙa musu gaba ɗaya, kar ka gwada ko guda.