Yadda Ƙanƙarar Girinland Ke Adana Yanayin Dā

Malam, ka tambayi yadda masana suke sanin yanayin arewacin duniya na dubban shekarun baya alhali babu wanda ya rubuta shi. Amsar tana cikin ƙanƙarar Girinland, babban tsibirin da ke can arewacin duniya, inda dusar ƙanƙarar kowace shekara take danne ta bara, tana kulle iskar zamaninta a ciki. A 1966, a sansanin sojan Amurka na Camp Century da ke Girinland, aka haƙa ƙanƙarar kusan mita 1,390 har aka taɓo ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne lakar da aka ciro, wadda ta shafe shekaru a firiza an manta da ita: da aka sake dubawa sai ga gutsattsarin rassa da ganyaye, shaidar cewa wurin ya taɓa zama babu ƙanƙara kimanin shekara 400,000 da suka wuce.