Ɗinkin kayan da: ta ina za ki fara?

Ƙanwata, kin ce kina son ɗinka irin kayan da iyayenmu suka sa a shekarun 1960, amma kin rasa ta inda za ki kama, kuma kina tsoron a ce kin tsufa.

Fara da akwatin Hajiyarku. Ki roƙe ta tsohuwar kaba, wato rigar sama ta mata irin ta Ghana, da ta daina sawa, ki farke ɗinkin a hankali, ki shimfiɗa kowane ƙyalle kan takarda ki zana. Nan za ki ga yadda telolin wancan zamani suke tsuke ƙugu, su saki hannu. Ni da rigar kakata na koya, sai da na ɓata yadi uku kafin wuyan ya zauna.

Kada ki taɓa atamfa mai tsada tukuna. Je kasuwar Kantamanto da ke Accra ki tsinci zanen gado na gwanjo ki gwada. In hannu ya faɗa, sai kasuwar Makola, ki sayi atamfar Ghana, GTP ko ATL. Keken hannu na Butterfly ya ishe ki, ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta.

Zancen tsufa kuwa, ɗora kabar kan siket na yanzu, ki shiga biki a unguwar Nima, ki ga masu tambayar telanki.