Yaya jini yake hawowa daga ƙafa zuwa zuciya?

Tambaya: Likita, aikina na tsayuwa ne, kuma kullum da yamma sai in ga idon sawuna ya kumbura. Ko zuciyata ce ta gaza jawo jini daga ƙafa?

Amsa: Malama, babban aikin zuciya turawa ne, ba jawowa ba. Tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannunki ba, mai ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya aika shi huhu ya ɗauko iskar oksijin. Daga nan jinin ya komo ɓangaren hagu, inda ɗakin ƙasa, wanda bangonsa ya ninka na dama kauri kusan sau 3, yake hankaɗa shi ko'ina. Ko kina hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana fitar da jini kimanin lita 5 a cikin wannan mintin.

To, kafin jini ya gama ratsa siraran jijiyoyin ƙafa, yawancin ƙarfin bugun nan ya ƙare, ga shi kuma komawa hawa ce. A nan tsokar sharaɓa take karɓar aiki. Duk takun da kika yi, tana matse jijiyoyin da ke cikinta, jini ya yi sama. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, da jini ya so zamewa ƙasa sai su rufe. Da su ne William Harvey, likitan Ingila, ya kafa hujja a 1628 cewa jini zagaye yake yi: ya ɗaure dantse, ya shafe jijiya da yatsa, aka ga ba ta cika ta baya.

Idan kika tsaya cik, sharaɓa ba ta motsi, jini ya taru a ƙasa, ruwansa ya riƙa tsattsafowa cikin nama. Kumburin ke nan. Taruwar jinin nan ce ma take sa soja ya yanke jiki ya faɗi a filin fareti. Ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa, ki ɗan zagaya, da dare kuma ki ɗora ƙafafu bisa matashi.

Amma ban yarda a raina kumburin da ya kwana bai saɓe ba, ko wanda ya zo da haki, musamman in kin kwanta. Wannan sai an duba zuciya da ƙoda da hanta. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo, ki je asibiti ranar, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya.