Tambaya da Amsa: Za Mu Je Malesiya, Me Za Mu Ci Kuma Ina Za Mu Yi Tsaraba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Zariya. Yaronmu ya kammala digiri na biyu a wata jami'a kusa da Kuala Lumpur, ni da mahaifinsa za mu je bikin yaye su a watan Nuwamba, mu yi kwana goma. Ban taɓa fita waje ba in ban da aikin Hajji. An ce mini 'yan Sin suna da yawa a ƙasar, kuma ana cin alade, shi ya sa nake tunanin in ƙulla garin tuwo da kuka da kilishi. Ga shi Alhaji yana da ciwon suga. Me za mu iya ci hankali kwance? Wace kasuwa zan samu yadi da mayafai na tsaraba? Kuma me ya kamata mu kiyaye don kada mu saɓa wa al'adarsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a karatun yaro, ya kai ku lafiya.

Kilishin nan a bar shi a gida. Shigar da nama ƙasar yana buƙatar izini na musamman, kuma ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Kuka da ɗan yaji ba laifi, ko don yaron da ya daɗe bai ɗanɗana ba. Amma roƙona gare ki shi ne kada tsoron haram ya kulle ku a ɗakin otal, ko ya sa ku ƙare kwana goman a gidajen abincin Larabawa kuna cin shinkafar da kuka riga kuka sani a Makka. Na zauna a ƙasar shekaru, kuma ban ga inda Musulmi baƙo yake samun sauƙin gane halal kamar can ba.

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar Musulmi ne. Manyan al'ummomi uku ne: Malayawa, waɗanda Musulmi ne, 'yan asalin Sin, da 'yan asalin Indiya, akasarinsu Hindu, amma da Musulmi a cikinsu. Da ki gane wanda yake girki, kin warware rabin matsalar. Rumfar da kika ga mace mai ɗankwalin da suke kira tudung tana zuba abinci, ku zauna ku ci. Gidajen da ake kira mamak na Indiyawa Musulmi ne, suna kowace unguwa, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Manyan gidajen abinci da kayan gwangwani kuwa, ki duba tambarin halal na hukumar addini ta ƙasa, JAKIM. Tambari ne mai zagaye, da kalmar halal da Larabci a tsakiya, kuma ba a bayar da shi sai an binciki kicin da inda ake sayo nama.

Inda ake buƙatar kula shi ne rumfunan 'yan Sin. Wani abincin ba za ki ga naman alade a cikinsa ba, amma da kitsensa aka soya. Soyayyar taliyar da ake kira char kway teow misali ce. Akwai ta Malayawa mai kyau, ita za ku nema. Bak kut teh kuwa farfesun alade ne, kada kalmar teh, wato shayi, ta ruɗe ku. Akwai kuma wuraren da suke rubuta cewa ba alade ba kitsensa. Wannan rubutu ba shaidar halal ba ne, domin bai ce komai ba a kan yankan kazar ko giyar da ake ɗigawa a miya. Titin Jalan Alor da ake yawan tura baƙi da daddare, akasarin rumfunansa irin waɗannan ne. Ku je ku ga fitilu da cunkoso in kuna so, amma cin abincin dare ku yi shi a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ta haura shekara ɗari, wadda gidajenta na katako suke nan a ƙarƙashin inuwar dogayen benaye.

Da safe ku fara da nasi lemak. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a sa mata miyar barkono da suke kira sambal, da soyayyun ƙananan kifi, soyayyar gyaɗa, ƙwai da kokwamba, a naɗe a ganyen ayaba. Roti canai kuma gurasa ce mai laushi mai falle-falle da ake soyawa a faffaɗan ƙarfe, a ci da miyar wake ko romon kaza. Da rana ku nemi nasi campur: a zuba miki shinkafa, ke ki zaɓi abin da kike so daga jerin kwanuka ashirin ko fiye, a yi miki kuɗi gwargwadon abin da kika ɗiba. Wannan shi ne ya fi dacewa da baƙo, domin ido ne yake zaɓa. A gidajen mamak akwai ɗan'uwansa, nasi kandar, wanda ya samo asali daga tsibirin Penang. Ana kwarara miya kala uku ko huɗu a kan shinkafa har ta yi tsamo-tsamo, sau da yawa da kuɓewa a gefe. Ku ɗanɗana rendang, naman sa da aka dafa da kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone. Sai satay, wanda Alhaji zai gane shi tun daga nesa: tsire ne a ƙananan tsinke, gashin gawayi. Mu muna barbaɗa ƙuli a jikin naman, su kuma suna dama gyaɗar ta zama miya a tsoma a ciki. Garin Kajang, kudu da Kuala Lumpur, shi ya yi suna a kansa.

Akwai abu biyu da suke korar mutanenmu a ranar farko, kuma ina so ki san su tun daga gida. Na farko belacan: jatan lande ne da ake tsimawa da gishiri a busar, a sa a sambal da miya. Warinsa yana da ƙarfi in ana soya shi. Ki ɗauke shi a matsayin daddawarsu, domin aikin da yake yi ke nan a tukunya, kuma wanda ya girma da miyar kuka ba shi da dalilin gudunsa. Na biyu petai, wasu korayen 'ya'ya masu wari da ake soyawa da barkono. Wannan ma ba baƙo ba ne: itacensa ɗan'uwan ɗorawa ne na jini, mu muna tsima kalwa mu yi daddawa, su suna cin tasu ɗanya ko a soye. Kayan teku kuwa, kaguwa da jatan lande da sauransu, halal ne a mazhabar Shafi'iyya da suke bi, haka ma a tamu ta Malikiyya.

Abin da ya fi damuna a tafiyar nan sugan Alhaji ne, ba alade ba. Mutanen nan suna sa suga a abin da ba ki zata ba: a sambal, a miyar satay, a jikin naman kansa. Shayinsu da ya yi suna, teh tarik, da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ake haɗa shi, a yi ta ɗaga shi daga kofi zuwa kofi kamar yadda masu shayinmu suke yi har ya yi kumfa. Alhaji ya haddace kalmomi biyu. Kurang manis, a rage zaƙi, ko da yake ragin nasu ma yana da zaƙi. Wanda ya fi masa shi ne teh o kosong, baƙin shayi ba madara ba suga. Ya rage shinkafa, ya yawaita gasasshen kifi, ikan bakar, da ganye. Cendol, ƙanƙara da madarar kwakwa da sugan da ake yi da ruwan itacen kwakwa, ke ki sha, shi ya ɗanɗana cokali ɗaya. Ya tafi da maganin da zai ishe shi a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. In barkono ya yi yawa ku ce kurang pedas. In za ku tafi da abinci masauki ku ce bungkus.

'Ya'yan itace kuma ki ci ki more: mangosteen mai farin ciki kamar auduga, rambutan mai gashi, gwanda da abarba. Durian, wanda suke kira sarkin 'ya'yan itace, ganiyarsa tsakiyar shekara ce, amma ana iya samunsa. Otal-otal da jiragen ƙasa sun hana shiga da shi saboda wari, kuma zaƙinsa ya yi wa mai suga yawa.

Batun tsaraba. Wurinki shi ne titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da maƙwabcinsa Jalan Masjid India. Nan ne matan Malayawa suke sayen yadi, leshi, mayafi da hijabi, daga manyan kantuna masu hawa-hawa irin su Jakel har zuwa rumfunan bakin titi. Ki ware masa yini guda, ki je ranar Asabar, domin da yamma ana kafa kasuwar dare a lungun da yake bayan titin. Ki nemi batik, yadin da ake zana wa furanni da kakin zuma kafin a rina. Wanda aka zana da hannu ya fi na inji tsada, kuma za ki gane shi da cewa launin ya ratsa gaba da baya daidai. Songket kuwa saƙa ce mai zaren zinariya ko azurfa, ta biki da sarauta, tana da tsada. Ko ba ki saya ba ki taɓa ta ki gani. In sarin kaya kike so ki yi, a kai ki babbar kasuwar sari ta Kenanga. Central Market, wadda ta faro a 1888 a matsayin kasuwar kayan miya, yanzu ta kayan hannu ce, da sanyi da tsabta, amma farashin na baƙi ne. Petaling Street cike take da jakunkuna da agoguna na jabu, ban ga abin da za ki ɗauko a can ba. In kina son ganin yadda gari yake ci, ku je kasuwar Chow Kit da sassafe, inda kifi da kayan ƙamshi suke. Ki sa takalmin da ba ya santsi, ƙasan a jiƙe yake.

Ciniki a can ba irin na Kantin Kwari ba ne. A kanti mai farashi a rubuce ba a tayawa. A rumfa ki tambaya berapa, nawa ne, sannan boleh kurang, za a rage? Da murmushi, da murya ƙasa-ƙasa. In kika raba kuɗin biyu kika ɗaga murya, mai kayan ba zai ce miki albarka ba, shiru kawai zai yi ya kau da kai. Sayen da yawa shi yake kawo ragi.

Wannan sanyin murya shi ne babban abin kiyayewa a al'adarsu. Hirar da mu muke ɗauka ta raha, su suna jin ta kamar faɗa, musamman a jirgin ƙasa ko lif. Ana cire takalmi kafin a shiga gida. Ana ba da abu da karɓa da hannun dama. Ba sa nuni da manuniya, da babban yatsa suke yi. In an gaisa, a kai hannu ƙirji. Dattijo a ce masa pak cik, dattijuwa mak cik, kamar yadda muke cewa baba da inna. In wani ya tambaye ki sudah makan, wato kin ci abinci, gaisuwa ce. Za ki ji kalmomi da yawa da kunnenki ya sani, domin rijiya ɗaya muka sha da su: Isnin, Selasa, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad, dunia, sabar. Har ajami suna da shi, suna kiransa Jawi, za ki gan shi a allunan tituna da masallatai.

Salla ba za ta yi muku wuya ba. Kowane babban kanti, tashar mota da gidan mai yana da ɗakin salla da ake kira surau, da ɓangaren mata, kuma a silin ɗakin otal akwai kibiya mai nuna alƙibla. Alhaji zai ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana yin ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, mutane sun ɗaga hannu. Ya bi liman kawai. Ku yi Juma'a a Masjid Negara, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, daga nan ku taka zuwa gidan tarihin fasahar Musulunci da yake kusa, inda akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu.

In kun samu kwana ɗaya ko biyu, ku je Melaka, tafiyar kamar awa biyu a mota. Nan ne daular Musulunci ta yi ƙarfi a ƙarni na 15 kafin Turawan Fotugal su ci ta a 1511. Tsofaffin masallatanta ba su da ƙubba, rufinsu hawa-hawa ne, kuma a titi ɗaya za ki ga masallaci da wurin bautar 'yan Sin da na Hindu. A can za ku ci asam pedas, kifi a miyar tsamiya da barkono. Na so in tura ki Kota Bharu, kasuwar Siti Khadijah da aka sa wa sunan Nana Khadija, wadda akasarin masu kasa kaya a cikinta mata ne, amma Nuwamba farkon damina mai ƙarfi ne a gabashin ƙasar, har ambaliya ake yi. A Kuala Lumpur ma ruwa yakan sauko kusan kowace la'asar a wannan wata, ga zafi mai sa gumi. Ki riƙe lema, ki sa kayan auduga marasa nauyi.

Kafin ku tashi, ku tabbatar da biza, da katin rigakafin cutar shawara, da takardar shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isowa. Yaro ya taimaka da wannan. Kada ku karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan'uwa ne, sai kun buɗe kun gani, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar yana kaiwa ga kisa. Ku riƙa yawo da fasfo, saboda ana tsayar da baƙi 'yan Afirka a tambaye su takardu. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa mai kai wa tashar KL Sentral cikin kamar rabin awa, a cikin gari kuma yaro ya sa muku manhajar Grab a waya don kiran mota. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, don haka kada ku shirya wata fita mai nisa a kwana biyun farko, kuma Alhaji ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin shan magani da sabon agogon.