Kada ka kuskura ka zuba man birkin mota a keken nan

Ajiye robar man nan ƙasa, yaro, ka goge hannunka ka zo ka ji. Ka ce ɗan Alhajin da ya kawo keken tsakuwa jiya, irin keken hawan nan da aka yi don hanyar tsakuwa, zai koma karatu Italiya, yana son ya je zagayen tafkunan da ke cikin duwatsun Alps, birkin ya yi laushi, man da kamfani ya ce a zuba babu shi a shago, ko za ka cika da na mota tunda duk mai ne. A'a. Ko ɗigo ɗaya kada ya shiga. Ku ɗiyan yanzu kun fi son a gama aiki kafin la'asar ku koma kan waya, abin da zai biyo baya ba ruwanku.

Dubi murfin da ke saman hannun birkin. Shimano ne. Birkin Shimano da na Magura da na Tektro man ma'adini suke sha, na Shimano ma ja-ja ne, da ido za ka gane shi. Wanda aka rubuta wa DOT, irin wasu birkunan SRAM, shi ne danginsu ɗaya da na mota. Robobin da ke cikin kowanne an yi su ne don irin mansa. Ka zuba wa wannan na wancan, robobin su lalace, su kumbura, ko birki ya maƙale ko ya riƙa yoyo, kuma ba a wanke shi ya dawo daidai, sai an sake kayan. Karanta murfi kafin ka taɓa robar mai, wannan kaɗai na ce.

Kuma ka san inda yaron nan zai kai keken? Mu nan Sakkwato ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, ko mita 400 ba mu kai ba sama da teku. Ka tashi daga nan har Wurno ko Goronyo, sau nawa za ka matse birki da gaske? Shi kuwa tafkunan Cancano ya ambata, kusa da garin Bormio, madatsun ruwa ne guda biyu a wajen mita 1,900, hanyar tsakuwa ta zagaye su. Hawan ba shi ke kashe mutum ba, wanda ya gaji sai ya sauka ya tura. Saukowar ce. Kwana bayan kwana, gangara mai tsawon kilomitoci, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. A can kusa da Bormio akwai mashigar Stelvio, mita 2,757, hanyarta ta lanƙwasa sau 48 ta ɓangaren arewa. Faifan birki yakan yi zafin da in ka taɓa shi sai ya ɗauke maka fatar yatsa. In akwai ruwa a cikin tiyo, zafin nan zai mai da shi tururi, ya matse hannun birki ya ji ya tafi har jikin sitiyari, keke bai tsaya ba. Ɗan mutane ke nan ka aika lahira saboda ƙyuyar jiran mai daga Legas.

Wagga tambaya taka ta tono mini wani miki. Tun kafin ubanka ya kawo ka wurina, wani mutum ya zo nan da mota, babbar riga har ƙasa, direba ya sauko da keke irin wanga daga baya. Ya ce daga Turai ya zo da shi, an zagaya garin nan kaf an rasa mai taɓa shi, kowa ya ce sai wurina. Gaskiya suka faɗa mishi. A lokacin duk layin nan babu wanda ya taɓa buɗe birkin mai, wayar birki kawai suka sani. Tiyon baya ya tsage, fad ɗin da ke kama faifai ya cinye har ƙarfe. Na ce sai an aiko da kaya daga Legas. Ya ce in saya, in ya zo karɓa zai biya duka, har ya dafa kafaɗata yana ce mini Malam. Kuɗin da na tara na ragon Layya na kwasa na tura.

Da kayan suka iso, na rufe shago da rana tsaka don kada ƙura ta shiga. Na ɗaura ɗan mazurari a saman hannun birki, na sa sirinji a ƙasa wajen faifai, ina tura mai a hankali, ina ƙwanƙwasa tiyon da gindin sukudireba, ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya cikin jan man nan har suka ƙare. Na wanke faifan tas, ban bar ko shatin yatsa ba. Da na gama, yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da keken cak. Ya zo ya hau, ya zagaya, ya yi ta sa albarka. Kuɗi fa? Wai ya manta bai biya ta banki ba, ranar Juma'a direba zai kawo. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Layya ta zo, yarana suna kallon ragunan maƙwabta.

Bayan Salla sai ga shi, fuska a murtuke, direba na jan keken, tayar gaba ko juyawa ba ta yi. Tun daga bakin titi ya fara ɗaga murya, wai na lalata mishi keken da ya fi shagona tsada, wai jabun kaya na sa. Masu faci, masu shayi, 'yan kabu-kabu, kowa ya taru. Ban ce uffan ba, na ɗauki keken na duba. Fentin da ke kusa da hannun birki ya ɗaɗɗago, ya yi bororo. Man ma'adini ba ya cin fenti, na mota ke yin haka. Na kwance murfin, man da na zuba ja, wanda na tarar ya koma ruwan ɗorawa, robar ciki ta kumbura har ta ƙi komawa mazauninta. Na nuna wa jama'a a tafin hannuna. Na ce Alhaji, wa ya buɗe wannan bayan ni? Ya rantse babu wanda ya taɓa. Direban yana tsaye, kansa a sunkuye.

Daga baya direban nan ya same ni a masallaci, ya ce shi ne. Keken ya faɗi a bayan mota kan hanyar Goronyo, mai ya ɗan zuba, maigidan da bakinsa ya ce ya ɗauko na mota ya ƙara. Na ce to zo ka faɗa gaban mutane. Ya ce yana da iyali, in ya buɗe baki aikinsa ya tafi. Na kai magana wurin manyan sana'a, suka ce in yi haƙuri, mai kuɗi ne, ba a ja da shi. Ko kwabo ban karɓa ba, ba kuɗin kaya, ba ladan hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai, wasu da suka saba kawo mini kekunan 'ya'yansu suka ɗauke ƙafa, an ce musu na tsufa, ban iya kayan zamani ba. Ni da na koya wa rabin layin nan ɗaurin wili! Har yau in motarsa ta wuce sai ya ɗaga mini hannu kamar babu abin da ya faru. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo ya ce in yafe.

Sauran aikin ba sai na tsaya ba. Daidaita giya, wanke kaca, duba wili, in har yanzu sai an nuna maka waɗannan, to zamanka a nan ɓata lokaci ne. Taya ka bar mishi mai faɗin milimita 40 zuwa 45, marar tif, ka sabunta ruwan da ke toshe huji, don na ciki zafin Sakkwato ya riga ya busar da shi. Kada ka ɗura iska kamar yadda kuke yi wa keken 'yan ga-ruwa, wajen 35 zuwa 40 a ma'auni ya wadatar, taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa. Giyarsa ta hawa ta yi nauyi, a samo mishi babban haƙori na baya mai 42, ya ɗara na gaban mai 40. Fad kuma na ƙarfe za a sa, yana da ƙara amma ya fi jure zafi, faifai mai milimita 160 gaba da baya.

In ya zo, ka gaya mishi da bakinka kada ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ya matse sosai kafin kwana, ya saki, faifan ya sha iska. Ya kuma tafi tsakanin Yuni da Satumba, don da sanyi ƙanƙara ke rufe manyan hanyoyin can, ko da bazararsu ma ya riƙe rigar ruwa.

Yanzu kira mai kayan nan na Legas, ka ce man Shimano na asali, roba a rufe da hatiminta, da fad biyu. Sannan ka kira ɗan Alhajin ka faɗa mishi kuɗin kaya, ya turo su cif kafin mu yi oda, ladan aiki kuma ranar karɓa, a hannu, kafin keke ya fita ƙofar nan. In ya ce ubansa wane ne, ka ce ya zo ya same ni.