Sulallan tagulla na Rumawa: ƙullin ashirin ko guda ɗaya?

Tambaya: Ina zaune a Ingila. Na ga ana sayar da tsoffin sulallan tagulla na Rumawa, ashirin a leda, dukansu da ƙasa a jikinsu, a kusan farashin guda ɗaya mai kyau. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki guda ɗayan. Arha ba ta ado. Kafin a ƙulla ledar nan galibi an riga an tsince na kirki, abin da zai iso hannunka shafaffu ne, ko fuskar sarkin ba ka gani.

Ai masu kyaun ma ba su da tsada, don sulallan ƙarni na 4 an buga su da yawan gaske. A shekarar 294 Sarki Diyokilishiyan ya fito da sabon sule mai nauyin kusan giram 10, da ɗan shafin azurfa. Tsadar kaya ta sa ya yi ta ƙanƙancewa, har ya koma bai fi farcen babban yatsa ba. Fara da na zamanin Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337: mai sojoji biyu da rubutun GLORIA EXERCITVS, ko mai kyarkeciya tana shayar da tagwaye, wanda aka soma bugawa a 330. Juya bayansa ka duba can ƙasa, za ka ga haruffan da ke nuna garin da aka buge shi. ALE na nufin Iskandariya ta Masar, TR kuma Trier ta Jamus ta yau. Ni wannan ne ya fi tsaya mini a rai, sule a tafin hannunka yana gaya maka garin da aka buge shi.

Ka tambayi mai sayarwa inda sulen ya fito. Italiya, Turkiyya da Masar sun hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini.

Tambaya: Sulena ya yi kore. In goge shi da lemun tsami?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki yi. Idan koren mai santsi ne, ya kama jiki, shi ne darajar sulen. Wanda ya yi gari-gari, yana zuba in an taɓa, shi ne ciwon: gishiri da laima ke cin tagullar. Ware shi daga sauran, ki ajiye a busasshen wuri cikin ambulan na takarda, sannan ki kai wa masani ya duba.