Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarfen Sabis, Sankarar Mama da Aikin Dare

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, ta farkon ce zata ci mana fili don wallahi tun da na karanta ta take tsaya min a rai.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni nas ce shekarata 34, yau shekara tara kenan ina aikin dare kusan sati biyu a kowane wata. Mamanmu ta rasu da sankarar mama tana da shekara 46, yanzu kuma ƙanwarta Innarmu da take aure a ƙauye an cire mata nono ɗaya. A unguwarmu kowa cewa yake ƙarfen sabis ɗin da aka kafa a bayan gidanmu ne ya jawo wa Mama, har yayanmu na cewa a sayar da gidan. Don Allah gaskiya ne? Tsoro nake ji. Daga 'yar'uwarku a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Mama ya sa ciwon ya zama kaffara, Inna kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Ƙanwata ki ce wa Yaya ya dakata da maganar sayar da gida.

Abin da ƙarfen sabis yake fitarwa igiyar rediyo ce, danginsu ɗaya da wadda take kawo miki tashar FM, kuma ba ta da ƙarfin da zata tsinka DNA, wato zaren gado na cikin ƙwayar halitta, kamar yadda hasken hoton ƙashi na asibiti yake iya yi in ya yi yawa, ke nas ce kin san dalilin da ya sa mai ɗaukar hoton yake laɓewa bayan bango. Inda jita-jitar ta samo ƙafa shi ne a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta duniya IARC da ke birnin Liyon a Faransa ta saka igiyar waya a rukunin 2B, wato abin da ake cewa wataƙila amma hujjar ba ta da ƙwari, kuma wayar da ake karawa a kunne suka fi dubawa a lokacin. Daga baya hukumar lafiya ta duniya ta sa aka tattara bincike 63 da aka yi daga 1994 zuwa 2022, masana na hukumar kariya daga tururin haske ta Ostireliya suka jagoranta, sakamakon ya fito a 2024 ba a ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. In akwai abin ƙorafi a gindin ƙarfen nan to janaretan dizal ne da yake kwana yana hayaƙi, shi kam IARC ɗin ta saka hayaƙinsa a rukuni na 1, wato abin da aka tabbatar yana jawo ciwon daji, tun 2012 saboda kansar huhu, in yana turnuƙe muku tsakar gida kuna da haƙƙin kai kuka.

Ni abin da ya ɗaga min hankali a wasiƙarki shi ne shekara 46, da kuma ya da ƙanwa ciki ɗaya, ɗaya a birni ɗaya a ƙauyen da ba ta kwana a gindin ƙarfen ku. Wannan shi likitocin gado suke kira alamar a bincika.

Akwai wata baiwar Allah Mary-Claire King, tana jami'ar Kalifoniya a Bakili ta kwashe shekaru sama da goma sha biyar tana bin iyalan da sankarar mama take yawan kama matansu da ƙuruciya, a lokacin da yawancin masana ba su yarda ana gadonta ba, sai a 1990 ta nuna cewa akwai ƙwayar gado guda a kan kuromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwayar halitta) na 17 da take da hannu, aka sa mata suna BRCA1. A 1994 aka zaƙulo ita kanta ƙwayar, a 1995 kuma masana a Ingila suka gano 'yar'uwarta BRCA2 a kan kuromosom na 13. Kowa fa yana da su, ni da ke da Yaya, aikinsu kamar na tela ne, duk sanda zaren DNA ya tsinke su ne masu ɗinke ɓarakar. Kowane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, to wanda ya gaji ɗaya a lalace ya fara rayuwa da tela ɗaya kenan, ranar da shi ma ɗayan ya samu matsala a wata ƙwaya ta cikin nono sai ɓaraka ta yi ta taruwa ba mai ɗinkewa.

A nan mutanenmu suke ruɗewa da sikila. A sikila sai AS ya haɗu da AS, uwa da uba duka sun bayar. Wannan kuwa ɓangare ɗaya ya isa, kuma ta wajen uba ma tana zuwa, shi ya sa ake tambayar tarihin goggonni ba na dangin uwa kaɗai ba. In Mama tana ɗauke da ita to kowane ɗanta rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Macen da ta gaji BRCA1 a lalace ƙididdigar Amurka ta nuna 55 zuwa 72 cikin 100 suna kamuwa da sankarar mama kafin tsufa, alhali a sauran mata wajen 13 ne cikin 100, ga kuma haɗarin kansar jakar ƙwai. Yaya ma bai fita ba, maza masu BRCA2 suna da ƙarin haɗarin kansar furostet har da ta nono, kuma zai iya miƙa wa 'ya'yansa mata.

Kuma kar ki ce wannan ai binciken Turawa ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jami'ar Shikago, wadda a Ibadan ta yi karatun likitanci, ita da abokan aikinta sun fara bin matan Najeriya masu wannan ciwon tun 1998, a 2018 suka fitar da sakamakon gwajin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 sun gaji wata ƙwaya a lalace, kashi 7 BRCA1 ce, kashi 4 BRCA2. Wannan ya haura kashi 5 zuwa 10 da aka saba faɗa a ƙasashen Turawa. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne matan kudu maso yamma ne akasarin waɗanda aka gwada, mu nan arewa muna buƙatar irin wannan aikin a kan namu iyalan, ga ɗalibanmu na likitanci nan a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri masu neman abin da zasu rubuta a kai.

Ban ce kin gada ba fa, ko a binciken Ibadan ɗin mafi yawa ba gado ba ne. Abin da zan ce ki yi, ki samu takarda ki zauna da Inna da tsofaffin gida ki rubuta duk wanda ya taɓa yin ciwon daji a dangin uwa da na uba, wane iri, yana da shekara nawa, har waɗanda aka ce jeji ne ko sammu aka yi ta shafa magani har rai ya yi halinsa. Ki kai takardar sashen masu ciwon daji na asibitin koyarwa na Shika tunda kina kusa. In za a yi gwajin gado Inna ya kamata a fara yi wa tunda ita ce mai ciwon, in an ga lalatacciyar ƙwayar a jininta sai a nemi ita ɗin tak a jininku. Gwajin da tsada kuma ba ko'ina ake yi ba, amma ko babu shi wannan tarihin ya isa likita ya fara duba ki tun yanzu ba sai kin kai 40 ba.

Saura aikin dare. IARC ta saka shi a rukunin 2A, wato abin da ake kyautata zaton yana jawo ciwon daji, a 2007 ta sake tabbatarwa a 2019, kinga ya ma fi igiyar waya matsayi a wajensu amma ba wanda yake zancensa a unguwa. Zargin da ake shi ne hasken fitila cikin dare yana danne sinadarin melatonin mai kawo barci yana rikita agogon jiki, har ƙasar Denmak ta taɓa biyan wasu mata diyya da suka kamu bayan sun shekara da shekaru suna aikin dare. Sai dai wasu manyan binciken a Ingila ba su ga alaƙar ba, kuma ko a inda aka gani ƙarin ɗan kaɗan ne in an gwada da na gado. Ba zan ce ki ajiye aikinki ba, marasa lafiya na buƙatarki, amma ki roƙi metiron ta rage miki jera darare da yawa a jere, in kin sauka kuma ki toshe taga ki yi barci na gaske.

TAMBAYA: Malam ni ɗan POS ne a kasuwa. A shago sabis cike yake amma tiransifa ta ƙi tafiya musamman da rana, a gida kuma sai na tsaya jikin taga na ɗaga waya sama. Wai 5G zata gyara? Daga ƙaninka a Kano.

AMSA: Ƙanena matsala biyu ce daban. Ta gida tukuna, igiyar da take tasowa daga ƙarfe ba hanya ɗaya take biyowa ba, wata ta daki kwanon rufin maƙwabci ta dawo, wata ta daki bango, wata ta zo kai tsaye, duk su haɗu a wayarka wata ta riga wata, a wani gurin su ƙarfafi juna a wani gurin su kashe juna. Tsawon zango ɗaya na igiyar 900 megahaz wajen santimita 33 ne, ta 1800 kuma rabin haka, shi ya sa matsar da waya da taƙi ɗaya ko biyu yake sa sanda ta ƙaru ko ta ɓace, ɗaga hannun nan da kake ba camfi ba ne. Ga rufin kwano yana mayar da igiya, ga bangon siminti mai rodi yana shanye ta, taga ce ƙofar da ta rage mata.

Injiniyoyi sun daɗe suna ɗaukar wannan karo da gine-ginen a matsayin ciwon kai, sai a shekarun 1990 Arogyaswami Paulraj na jami'ar Stanford da Gerard Foschini na Bell Labs suka nuna in ka sa eriya da yawa a ƙarfe da kuma cikin waya to kowace hanya da igiyar ta biyo zata iya ɗaukar nata saƙon daban, shi ake kira MIMO, shi ne ƙashin bayan 4G da 5G da waifai na yanzu.

Ta kasuwa kuma cunkoso ne. Sandunan da kake gani ƙarfin igiya kawai suke nuna maka, ba sa gaya maka mutum nawa kuke rabon ta. Tun 1948 Claude Shannon ya lissafa cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar abin da zata ɗauka, to ku dubbai ne a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya da azahar kowa na tura kuɗi yana kallon bidiyo, kamar famfo ɗaya ne unguwa guda ta yi layi. A nan 5G tana taimakawa sosai don bututunta ya fi faɗi, zangon 3.5 gigahaz ne hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, amma a ɗakinka kar ka sa rai da yawa don igiya in gigahaz ɗinta ya ƙaru ta fi kasa ratsa bango. Ka sa layi biyu na kamfani daban-daban a na'urar, a gida kuma ka rataye ƙaramin rauta a jikin tagar nan. 'Yar'uwarmu ta Zariya ma ta ji wannan, waya tana ƙara ƙarfin abin da take fitarwa ne in ƙarfe ya yi mata nisa, in yana kusa sai ta sassauta.

TAMBAYA: Malam ina aiki a wani kamfanin roba, awa 12 kullum kwana shida a sati, wani satin har Lahadi. Kaina na yawan ciwo, oga ya ce raki ne. Daga wani magidanci.

AMSA: Ba raki ba ne Malam, awa 72 kake yi a sati. A 2021 hukumar lafiya ta duniya da ƙungiyar ƙwadago ta duniya sun fitar da binciken da ya nuna mai yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in an gwada da mai yin awa 35 zuwa 40, kuma sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka rasu ta wannan hanyar a 2016 kaɗai. Binciken Whitehall da Michael Marmot ya jagoranta a kan ma'aikatan gwamnati a Landan shi ma ya nuna na ƙasa wanda ba shi da ta cewa a aikinsa ya fi oga kamuwa da ciwon zuciya.

Gobe kafin ka shiga aiki ka tsaya a kemis a auna maka hawan jini, in ya kai 140 bisa 90 ka sake aunawa wata rana sannan ka ga likita, kar ka tsaya kan farasitamol. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba lebura hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, da hutun da ya kai awa ɗaya a ranar da aiki ya kai awa shida. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi kullum, ka sa abokan aikinka uku ko huɗu su ma su yi, in kun tara na wata guda ku je wa manaja tare ko ta hannun ƙungiyarku, in bai saurara ba akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a jiharku, ku tafi da littattafan.